Atisayen ɗaure jini: madaurin roba ko mai famfo?

Ƙanina, tsakanin madaurin roba da mai famfon iska da ka tambaya don atisayen ɗaure jini, wato ɗaure cinya ko damtse a rage gudun jini yayin motsa jiki, ɗauki mai famfo kawai.

Shi nake da shi. Lokacin da na gurɗe gwiwa a filin ƙwallo, cinyar hagu ta tsotse, ga shi likitan gashi ya hana ni ɗaga ƙarfe mai nauyi. Shi ya auna matsin da ke tsayar da jinin ƙafata gaba ɗaya, ya ce in riƙa hura kashi 60 cikin ɗari nasa. Amfanin agogon da ke jikin famfon ke nan: abin da ka hura jiya shi za ka hura yau. Jini na shiga kaɗan-kaɗan, komawarsa ake tarewa, sai tsoka ta gaji da wuri ko da kayan ba nauyi. Kashi 20 zuwa 30 na ƙarshen abin da kake iya ɗagawa ya isa. Ka ɗaga sau 30, sannan sau 15 har zagaye uku, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Wallahi a zagaye na uku cinya raɗaɗi take kamar an zuba mata barkono, amma gwiwa ko a jikinta. Da haka cinyar ta ciko har na koma fili. Sai dai da ka warke ka koma wa ƙarfe mai nauyi, wannan ba ya maye gurbinsa.

Na robar yana can ƙasan jaka. Araha ne, iyakar alherinsa ke nan. Wai ka ja shi har ka ji matsin ya kai bakwai cikin goma, to bakwai ɗin wa? Yau sako-sako, gobe yatsu sun yi sanyi.

Ka yi hattara da masu talla a intanet. Yoshiaki Sato ne ya faro dabarar a Japan a 1966, suna ce mata Kaatsu, shi ya sa kowane ɗan damfara yake manna sunan Japan a kwali. Har siririyar robar da ake ɗaure hannu wajen ɗibar jini wasu ke sayarwa da wannan sunan. A hura mai famfon a gabanka kafin ka biya. In allurar agogon na sauka da kanta, iska na zurarewa, bar masa kayansa.

A can saman cinya ko saman damtse ake ɗaurawa, kada ya wuce minti 20 a ƙafa, 15 a hannu. In kana da hawan jini, ko sikila, ko AS ne kai, ko jini ya taɓa daskare maka a jijiya, kada ka sayi ko ɗaya sai likita ya yarje maka.