Shokozoban gaba da na saya a Gwagwalada, na ɗaura da hannuna

Ruwan Agusta ne ya rufe ramin, a hanyar gonata da ke bayan Kuje, ni kuma ina kan babur ɗauke da buhun taki, na afka cikinsa. Ban faɗi ba, alhamdu lillahi. Amma tun daga ranar babur ɗin ya sauya hali. In na sassauta hannu sai kansa ya ja gefe. In na matse birkin gaba sai ya nutse har ƙasa da ƙara. Bayan kwana uku na ga mai yana gangarowa ta ƙafar shokozoban gaba da ke gefen birki, ƙura ta manne masa ya yi baƙi. Wannan ne ya tayar mini da hankali, domin in mai ya shiga cikin birki, birkin ya tashi daga aiki.

Babur ɗina Bajaj Boxer ne, mai birkin ganga gaba da baya, shekararsa shida a hannuna. Makanikin da na saba da shi ya koma garinsu. Wanda na kai wa a madadinsa ya ce bututun shokozoban ne ya lanƙwashe, zai gasa shi ya miƙar da guduma. Ban yarda ba. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka buga shi ya miƙe ya riga ya yi rauni, kuma a kan babur ɗin nan nake kai 'ya'yana biyu makaranta. Sai na ƙudura zan sayi sabo in ɗaura da kaina, duk da cewa iyakar gyarana a da shi ne sauya fulogi da ɗaure sarƙa.

Tun da aka hana acaɓa shiga tsakiyar Abuja a 2006, lokacin El-Rufa'i yana minista, harkar babur ta fi ƙarfi a garuruwan gefe irin su Gwagwalada, Zuba, Dei-Dei da Kuje, masu sayar da kayansa ma can suka fi yawa. Shagon da na je saye yana cikin layin masu kayan babur kusa da kasuwar Gwagwalada. Ƙarami ne, mutum biyu in sun shiga sai na uku ya tsaya a bakin ƙofa. Mai shi dattijo ne, kowa Alhaji yake ce masa.

Zuwana na farko, da kuɗina a aljihu, Alhaji ya ƙi sayar mini.

"Malam, ina tsohon?"

Na ce yana jikin babur.

"To ka je ka kwance ka kawo. Boxer ba iri ɗaya ba ne. In na ba ka wanda tsawonsa ko kaurinsa ya bambanta, kai ka yi asarar kuɗin mota, ni na yi asarar mutunci."

Raina bai so ba a lokacin, don tafiyar Kuje zuwa Gwagwalada da damina ba wasa ba ce. Yanzu kuwa wannan ƙin sayarwar shi ne babban dalilin da ya sa nake tura mutane wurinsa.

Kwancewar ta ci mini safiyar Asabar. Na kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, na tura kututture da katako ƙarƙashin inji har tayar gaba ta bar ƙasa, ƙanena yana danne baya. Na cire wayar birki da ta mita, na kwance notin sandar taya, na zare tayar, sannan madigadi. Kowane noti na ajiye shi a murfin gwangwani dabam, na kuma ɗauki hoto da waya kafin in taɓa komai. Abu ɗaya da Alhaji ya ja mini kunne a kai: in fara sassauta na saman ƙafar tun na ƙasa yana riƙe da bututun, in ba haka ba bututun zai yi ta juyawa a hannuna. Haka kuwa aka yi. Ƙafar da ba ta lanƙwashe ba ta zame cikin sauƙi. Ɗayar sai da na zuba mai, na yi ta murzawa a hankali kusan rabin awa.

Na zuba su a buhu na hau mota. Alhaji ya ɗora wani miƙaƙƙen ƙarfe a jikin bututun yana juya shi, ya ce in leƙa. Haske yana ratsawa ta tsakani. Ya nuna mini kuma wasu ƙananan ramuka na tsatsa a jikin sheƙin da aka lulluɓe bututun da shi, ya ce su ne ke yanka robar da ke tare mai duk lokacin da bututun ya shiga ya fita. Ashe ko ban faɗa rami ba, yoyon yana tafe.

Ya jera mini iri uku a kan benci: na kamfani, matsakaici, da mai araha, ya faɗi kuɗin kowanne ba ɓoye-ɓoye. Na kamfani ya kusa ninka matsakaicin. Mai arahar, da bakinsa ya ce sheƙinsa ba ya da kauri, damina ɗaya ta ishe shi. Akwai na hannu ma a lungu, ya ce ba zai ba ni ba tunda ban iya tantance shi ba. Na so in sayi ƙafa ɗaya kawai. Ya ce, "Malam, sifirin da ya yi shekara shida da sabo ba za su yi tafiya ɗaya ba." Na ɗauki matsakaici, ƙafa biyu.

Sai dai akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma dole in faɗa. Da na isa gida na dafa kowace ƙafa a ƙasa na danna, sai na ji ɗaya ta fi laushi. Na buɗe murfin a hankali, ina danne shi da tafin hannu saboda sifirin yana turowa, na juye man kowacce a kofi dabam. Ba su zo daidai ba. Wannan daga wurin haɗawa ne, amma ya kamata shago ya gwada kafin ya miƙa wa mutum. Na kira, yaron shagon ya ɗauka, ya ce ba su da man shokozoba, in zuba man inji kowa haka yake yi. Na san da yawa suna yin haka, amma man inji ba don wannan aikin aka yi shi ba, kaurinsa ma dabam ne. Sai ranar Litinin na samo na ainihi, mai lamba 10W, a wani shago. Na auna da sirinji daidai adadin da littafin babur ɗin ya ce, na zuba wa kowacce. Shagon da ke sayar da shokozoba bai kamata a rasa mansa a ciki ba. Rasit ma sai da na tambaya aka rubuta mini.

Mayarwa ta fi sauri. Na daidaita tsawon ƙafafun biyu a sama, na ɗaure sama-sama. Wurin da na fi nutsuwa shi ne farantin birki. Akwai wata tsaga a jikinsa da dole ta zauna cikin ɗan hancin da ke jikin ƙafar. In ba ta zauna ba, ranar da ka matse birki farantin zai juya tare da taya ya fizge waya. Alhaji ya maimaita mini wannan har sau biyu ina bakin ƙofa, ni ma na duba sau uku kafin in ɗaure. Daga nan na sauke babur, na riƙe birki na danna kai kamar sau goma don komai ya sami mazauni, sannan na ƙarasa ɗaure notuna.

Yau mako shida ke nan. Kan babur ya miƙe, ƙarar ta tafi, kuma duk safiya nakan shafa yatsa a bututun, a bushe nake jin sa. Ya ɗan fi tsohon tauri a kan tsakuwa, amma da buhu biyu a baya ba ya nutsewa. Sheƙin bai nuna tsatsa ba tukuna, ina goge shi duk ranar da na dawo cikin laka.

Wanda zai je, ya tafi da tsohon nasa, ya danna sababbin biyu a gaban Alhaji kafin ya biya, ya kuma tanadi mansa tun daga wani wuri. Ni zan koma kafin a fara kwasar masara, don na fara jin ɗan motsi a boris ɗin wuya, kuma wannan karon da tsohon a hannuna zan shiga.