Kafin ka sayi buroshin kyanwa ko na kare, buɗa gashin tukuna

Duk mai kyanwa ko kare a nan Bauchi ya san yadda ake fama da zarar hunturu ya ja baya zafi ya kunno kai wajen watan Maris, gashi ko'ina, kan kujera, kan darduma, har jikin kayan da ka goge za ka fita da su. To sai ka ga mutum ya ruga Jumia ko Jiji ya ɗauko abin da ya fi tsada don ya gani a bidiyo, alhali sam ba na irin dabbarsa ba ne.

Sa yatsu ka buɗa gashin. In ka hango fata nan take, to gashi ne gajere hawa ɗaya, irin na yawancin kyanwowinmu na gida da karnukan farauta. In kuma ka tarar da wani mai laushi kamar auduga a ƙarƙashin na sama, hawa biyu ke nan, irin na karnukan Jaman Shefad da Kokeshiyan da ake ajiyewa don gadi, da kyanwar nan mai dogon gashi 'yar Fasha.

Mai gajeren gashi wallahi ba ya buƙatar wani abu da ya wuce safar hannu ta roba mai ƙurji ƙurji a tafin. Ita ce mafi araha, kuma kyanwa ba ta gudunta saboda ji take shafa ta ake yi, ka ɗan jiƙa ta da ruwa ma don gashin ya manne maimakon ya tashi sama, musamman lokacin da iska ta bushe. Sai dai fa ba ta shiga ciki, a jikin Kokeshiyan ɓata lokaci ne kawai.

Buroshi mai siraran wayoyi shi ne na masu yawan gashi, yana warware wanda ya fara cukurkuɗewa yana kwaso wanda ya mutu. Amma a nan ake yawan cutar mutane, don akwai masu arha da bakinsu ke da kaifi. Ka goga a bayan hannunka kafin ka biya, in ya karce ka to ita ma zai karce ta, kuma kyanwar da ta ji zafi sau ɗaya da wuya ta sake tsaya maka. Nemi mai ɗan ɗigon roba a bakin kowace waya.

Sai Furminator, wato matajin kwaso mataccen gashin ƙasa, da kwaikwayonsa da suka cika intanet. Gaskiya yana aiki, tulin gashin da yake fitarwa daga jikin Jaman Shefad sai ka yi mamaki, amma bakinsa ƙarfe ne mai ɗan kaifi, in ka yi ta maimaita waje ɗaya zai kakkarya gashin sama ya ja fata. Sau ɗaya a sati ya isa, kuma dan Allah kar a sa shi inda gashi ya dunƙule. Ni dai ban ga dalilin da mai kyanwar gida zai kashe kuɗinsa a kai ba.

Da za a ce in zaɓi guda ɗaya tak, matajin ƙarfe zan ɗauka, wanda gefe ɗaya haƙoransa a ware ɗayan a matse. Ba ya saurin lalacewa, ana wanke shi da sabulu, kuma da shi za ka gano ƙuma ko ka ci karo da kaska, wadda ke addabar karnuka da damina. Kowace dabba da nata, kar a haɗa.

Masu yi wa kare aski kwalkwal wai don zafi, ku bari. Gashin nan shi ke kare fatarsa daga rana, kuma ba lallai ya sake fitowa daidai ba.

In kuma ka ga gashi na zuba har fata ta fito fili a zagaye, ko dabbar na ta susa ba ji ba gani, wannan ya wuce batun buroshi, yana iya zama makero, kuma yana kama yara, a kai ta wajen likitan dabbobi. Kar kuma a shafa wa kyanwa maganin kaska na kare, wanda ke da sinadarin permethrin a ciki yana iya kashe ta.