Waya, darni ko tarko: abin da ya kamata mai garka ya auna kafin ya saya

Duk wanda ya shuka salati, shu, karoti ko tumatir a bayan ɗakinsa a Damagaram ya san abin da ruwan ban-ruwa yake ci masa, musamman a unguwannin da famfo yake yin kwanaki bai kawo ba. Saboda haka wayewar gari a tarar an gwaguye tumatir ko an tone karoti asara ce biyu, ta iri da ta ruwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa Kasuwar Dole a sayo magani alhali ba a san ɓarawon ba. Ya fi dacewa a barbaɗa toka ko rairayi mai laushi a gefen fangali da almuru, a duba sawu da asuba. Kurege da rana yake ɓarnarsa, gafiya da ɓera da dare, tsuntsaye da ƙadangare kuwa sun fi addabar yabanya da tumatir mai nuna. Bushiya dai ana ɗora mata laifin banza, domin ƙwari ne yawancin abincinta.

Darnin kara da zana su ne mafi araha, musamman bayan girbin hatsi, kuma suna tare awaki, kaji da iskar hunturu. Amma gara tana cin gindinsu, da wuya su wuce damina ɗaya ko biyu ba gyara, sannan ɓera yakan mayar da su gidansa. Shingen aguwa ko lalle, irin wanda ake yi a garake na karkara, yana daɗewa, sai dai yana cin fili, yana rabon ruwa da shuka, kuma bai dace da ƙaramin tsakar gida ba.

Wayar raga, wadda masu kayan gini suke kira giriyaji, ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin a nan ake kashe kuɗi mai yawa kuma a nan ake yin sayen da-na-sani. Mai saye yakan dubi tsayi, alhali girman ido ne abin lura. Mai manyan idanu, kimanin santimetir 5, an yi ta ne don dabbobin gida. Kurege da ɓera suna ratsa ta kamar ba a sa kome ba. Mai ido na milimetir 25 tana tare zomo da gafiya babba, mai milimetir 13 tana tare yawancin ɓeraye da ƙadangaru, ko da yake ƙaramin ɓeran ɗaki yana iya kutsawa ta kafar da kan ƙaramin yatsa zai shiga. A nemi wadda aka shafe da sinadarin hana tsatsa, mai hasken toka-toka, domin gindin shinge kullum a jiƙe yake. Fili mai metir 4 a kan 6 yana da kewayen metir 20, don haka naɗi guda na metir 25 ya wadatar har da ƙofa. Wajibi ne a binne kamar santimetir 30 a ƙasa, a lanƙwasa bakin zuwa waje, in ba haka ba kurege zai haƙa ya shiga. Tunda gafiya gwanar hawa ce, tsohon kwanon rufi da aka ɗaura a saman wayar yana sa ta zame.

Game da tsuntsaye, tsohon gidan sauro da aka ɗora a kan sanduna ya fi mutum-mutumi, leda da tsofaffin fayafayan CD, waɗanda tsuntsu yake sabawa da su cikin ƴan kwanaki. A wanke shi sosai saboda maganin sauron da ke jikinsa, kuma a riƙa buɗe shi da safe a kan kabewa, kokwamba da kankana idan sun yi fure, domin ba sa ƴaƴa sai ƙudan zuma ya ziyarce su.

Tarkon keji yana da amfani idan gafiya ɗaya ko biyu ce ta saba da wurin, kuma gyaɗa soyayya ko ƙuli-ƙuli sun isa abin yaudara. Gubar ɓera kuwa, wadda ake tallanta a ƙunshi babu takardar bayani, ban ga dalilin kawo ta gidan da yara, kaji da kyanwa suke yawo ba, balle kusa da ganyen da za a ci ɗanye. Haka nan na'urorin da ake cewa suna korar ɓera da ƙara, dabbar takan saba da su, ga kuma dogaro da wutar lantarki.

Wanda kuɗinsa bai kai na naɗi guda ba, ya sayi metir kaɗan na mai ƙananan idanu, ya sa kafinta ya haɗa masa akwati mai murfi a kan fangalin reno kaɗai, sauran filin kuma ya kewaye shi da kara har zuwa lokacin da hali ya samu.