Sharhi kan ƙaramin jirgi mara inji na rimot da matsalar ƙugiyarsa

Wannan ƙaramin jirgin sama mara inji, wanda ake sarrafa shi da rimot, yana cikin kayan da matasan Kaduna masu sha'awar tuƙin jirgi suke odarsu ta intanet, kuma in dai batun shawagi ne, bai da abin kushewa. Faɗin fukafukansa mita 2 ne, jikinsa na kumfar roba ne mai jure faɗuwa, yana kuma daɗewa a sama da rana tsaka, lokacin da iska mai ɗumi take tasowa daga ƙasa.

Inda masu ƙera shi suka gaza shi ne wurin ƙugiyar ja. Takardar cikin kwalin ta ce ana iya jansa da wani jirgi mai inji, alhali ƙugiya ɗaya tak suka saka masa, a ƙarƙashin ciki, kusa da inda nauyinsa yake daidaita. Wannan wurin ya dace ne da harbawa da igiyar roba daga ƙasa, inda ake son hancin jirgin ya ɗaga ya hau da sauri. A bayan jirgi mai ja kuwa, wannan ɗagawar ita ce haɗarin, domin idan na baya ya haura sama da na gaba sosai, igiyar tana iya ɗage wutsiyar mai jan, hancinsa ya nufi ƙasa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. A manyan jiragen da mutane suke hawa, irin wannan ya halaka matuƙan jirgin ja, shi ya sa ake fifita ƙugiyar hanci wajen ja, kuma kamfanin Tost na Jamus yake ƙera ta daban da ta ciki. Dokar Amurka ma ta ƙayyade ƙarfin igiyar jan irin waɗannan manyan jiragen: kada ya gaza kashi 80 cikin 100 na iyakar nauyin da aka amince wa jirgin da ake ja, kada ya wuce ninki biyu, don ta tsinke kafin jirgin ya lalace.

Abin da ya fi damuna shi ne ba a iya sakin igiyar da rimot. Duk mai niyyar ja sai ya ƙara kashe kuɗi ya sa ƙugiya a hanci da ƙaramar na'urar da za ta buɗe ta, ya kuma gwada sakin a ƙasa igiyar tana ɗaure tamau. Ya nemi fili nesa da filin jirgin sama da sansanin sojin sama na Mando, ya kuma haƙura da ja a ranakun da iskar hunturu take kaɗawa da ƙarfi.