Hattara da mai tallar sigar Kuba a Abuja, ya ci mini miliyan 7 da dubu 200

Jama'a, duk mai aiki a otal ko wurin hutawar manya a Abuja ya buɗe kunne. Akwai wani mutum da ke yawo da sunan dillalin sigar Kuba, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganyen taba, da giyar rum ta Karebiyan. Ɗan damfara ne. Naira miliyan 7 da dubu 200 ya ci mini. Miliyan 7 da dubu 200! Kuɗin ma ba nawa ba ne, na maigidan da nake yi wa aiki ne, kuma ya ce rabi a wuyana yake, a albashina za a riƙa cirewa.

Masu shirin tambayata me ya haɗa ni da taba da giya, ku ajiye wannan tukuna. Ni ne mai sayo kaya a wurin da nake aiki, abin da baƙi suka nema shi ake aike ni in kawo.

Kada kuma wani ya ce mini kwaɗayin araha ne. Ba da araha ya sayar mini ba. Na san kayan nan. Na san a 2022 kamfanin Habanos, mai sayar da sigar Kuba a duniya, ya ɗaga farashin sigar Cohiba ya daidaita shi da na Hong Kong, kuma a shekarar guguwar Ian ta rushe rumfunan shanya taba a Pinar del Río, yankin noman taba na Kuba, kaya ya yi wuya a ko'ina. Da ya faɗi kuɗin banza da tuni na sallame shi. Farashin da ya yanka ƙasa kaɗan yake da wanda muka saba ji, daidai yadda hankali zai ɗauka.

Abin da ke ta dawo mini a rai shi ne zaman nan na farko. Ya zo da shadda mai kyau, ya zauna a teburin kusurwa, ya ciro wata ƴar jakar fata, ya zaro kara ɗaya na Cohiba Robusto. Ya ce, "Yayana, kada ka yarda da bakina, ba wanda ya san taba ya gwada." Akwai wani dattijo ɗan Labanan da ke zuwa wurinmu, tun ina yaro yake shan siga. Shi na kai wa. Ya juya ta, ya shinshina, ya yanke kan, ya kunna, ya lumshe ido, ya ce wannan ta gaske ce. Ta gaske ce kuwa! To ku gaya mini, wa zai ji haka ya ƙi yarda? Kada ka yarda da bakina. Da bakinsa ya faɗa, yana kallon tsakar idona.

A'a, kafin wannan ma, tun a waya ya riga ya cika mini kunne. Wai a Havana ya yi karatu, wai surukinsa mai naɗi ne a masana'antar El Laguito da ke yin Cohiba, kuma ana ba ma'aikata nasu kason su fitar. Ya ba ni tarihin Cohiba tiryan-tiryan, yadda aka fara naɗa ta a 1966 don Fidel Castro da manyan baƙinsa, sai a 1982 aka fara sayar wa kowa. Ya yi bayanin wani ganyen taba mai suna medio tiempo da ake sa wa Behike, wani nau'in Cohiba mai tsada. Tarihin nan da bayanin ganyen duk na bincika, duk gaskiya ne. Har wayarsa ta yi ƙara a gabana ya ɗauka ya yi ta zuba Sifaniyanci. Yanzu ne nake tambayar kaina ko akwai kowa a ɗaya ɓangaren.

Muka yi ciniki: akwati ɗaya na Behike 54 mai kara 10, akwati ɗaya na Cohiba Esplendidos mai kara 25, kwalba biyu na Havana Club mai shekara 15, biyu na Appleton Estate mai shekara 21, na Jamaika. Kafin alƙalami miliyan 3. Ciko miliyan 4 da dubu 200 in kaya sun iso. Ni na kafa wannan sharaɗi, shi da farko duka ya so. Hotunan da ya turo mini akwatunan katako ne, da koren hatimin gwamnatin Kuba, a gindi an buga Hecho en Cuba da Totalmente a mano, har da wata da shekarar da aka zuba. Ina da hotunan, ban goge ko ɗaya ba.

Ranar kawowa bai zo ba, wai yana filin jirgi yana karɓo wasu kayan. Yaro ya turo a kan babur, da kwali an naɗe shi da salatif ta ko'ina. Daren Juma'a, wuri ya cika, maigida yana ta kirana saboda ya riga ya gayyato baƙo musamman don Behike ɗin nan. Yaron ya rungume kwali ya ce an hana shi saki sai oga ya ga alat. Na kira mutumin, ya ce, "Haba Yayana, ni da kai?" Na tura. Miliyan 4 da dubu 200, a tsaye a bakin ƙofa.

Da na farke kwalin, Esplendidos ɗin a akwati mai murfin gilashi yake. Gabana ya faɗi, don Cohiba ba ta taɓa fitowa a akwatin gilashi, irinsa ake tallata wa masu yawon buɗe ido a titunan Havana. Na kira, waya a kashe. Na Behike kuwa baƙi ne wuluk mai sheƙi, kamar yadda ya kamata, shi ya sa na kai teburin maigida. Baƙon ya ɗauki kara ɗaya, ya duba zoben takardar, ya nuna mana fararen ɗigogin nan masu kusurwa huɗu an yanke su a karkace, rubutun zinaren kuma shafe yake, ba tudu. Ya nemi reza ya tsaga ta a kan faranti. Sigar gaske dogayen ganye ne tun daga kai har ƙasa. Wannan ɓarɓashi ne, da tsinke, da guntun zare, kamar sharar tsakar gida. A gaban maigidana. A gaban baƙonsa. Ba wanda ya ɗaga murya, ni dai na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Na manta ban faɗa ba, tun da rana ya turo mini saƙon murya yana cewa in ajiye su a akwatin danshi saboda hunturu kada su bushe. Shara yake ba ni shawarar yadda zan adana!

Lambar hatimin kuwa iri ɗaya ce a akwatunan biyu. Na shigar da ita a shafin tantancewa na Habanos, ba ta dace da ko ɗaya ba. Rum ɗin ma mai haɗa mana abin sha ya duba, murfi an buɗe an sake mannawa, barasa ce mai arha aka rina da ƙonannen sukari. Mun zubar. Jabun barasa na iya makantar da mutum, da wani baƙo ya sha ya faɗi, ni za a kama.

Ya yi blokin ɗina a WhatsApp, shafinsa na Instagram ya sauya suna. Na kai ƙara, na ba da lambar asusun da na tura kuɗin, sunan da ke kai ma ba nasa ba ne.

Ku dai kada ku tura ciko sai kun buɗe akwati, kun duba lambar hatimi, kun tsaga kara ɗaya daga cikinsa, ba wanda aka kawo muku na ɗanɗano ba. Mai cewa danginsa na aiki a masana'anta, ku kore shi.

Miliyan 7 da dubu 200. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba. Da daddare zan sa hotunan hirarmu, da rasit na tiransifa biyun, da hoton abin da ya fito daga cikin tabar. Duk wanda mutumin nan ya taɓa kai wa kara ɗaya na gwaji, ya yi mini magana, ina neman waɗanda za mu haɗu mu bi ƙarar tare.