Burushin aski: na araha da mai tsada, wanne ya fi dacewa da Sakkwato?

Wanzami bai taɓa buƙatar burushi ba. Ruwa, sabulu, tafin hannu, sai aska daga zabira, kai ya fito tal. Amma mai yi wa kansa aski da reza a gida, ko gyaran saje da wuya ne ko sauke suma gaba ɗaya, burushi na yi masa aiki uku: yana haɗa sabulu da ruwa su zama kumfa mai santsi, yana cusa ruwa cikin gashi har ya yi laushi, yana kuma ɗaga gashin da ya kwanta. Na ukun ya fi muhimmanci a gare mu, domin gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma wanda ya kwanta a wuya da ƙeya shi ne ke komawa cikin fata ya zama ƙurajen aski.

Tazarar kuɗin kuwa ba ƙarama ba ce. Omega na Italiya, samfurin 10049, dala goma da 'yan kai ne a ƙasashen da ake sayar da shi. Chubby 2 na kamfanin Simpson, wanda aka kafa a Ingila a 1919, ya haura dala ɗari nesa ba kusa ba, kafin a yi zancen kuɗin aikowa. To me ninki goman nan yake saya wa mutum?

Kafin zancen kuɗi, a duba gashin wace dabba ce, don a nan ne mutanenmu da yawa ke saye cikin rashin sani. Mafi yawan burushi na araha masu suna, irin su Omega da Semogue na Fotugal, gashin alade ne. Idan ka ga an rubuta boar ko pure bristle a kwali, ko setola da Italiyanci, ko cerda da yaren Fotugal, to shi ne. A Malikiyya, Mukhtasar na Shaihu Khalil ya lissafa gashi cikin abubuwa masu tsarki ko da na alade ne, da sharaɗin yanke shi aka yi. Shafi'iyya na ɗaukarsa najasa. Kwali dai ba ya faɗin yanka aka yi ko tsigewa, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ko ya bar shi kawai, tunda akwai madadi. Masu tsada kuma gashin baja ne, wata dabba 'yar'uwar dage, kuma kusan duk gashin daga Chaina ake kawo shi, ko da burushin a Turai aka ɗaure shi. Akwai na gashin doki, wanda Vie-Long na Sifen ya yi suna a kansa, sai na zaren roba da babu dabba a cikinsa.

A wajen aiki, na alade sabo ba shi da daɗi ko kaɗan. Yana wari, yana suka, yana shanye kumfa. Sai an jiƙa shi minti uku zuwa biyar kafin kowane aski, in ba haka ba gashin ya kakkarye, kuma sai ya yi aski ashirin zuwa talatin kafin bakin kowane gashi ya tsage biyu ko uku ya yi laushi. Bayan nan ya zama abin kirki mai ƙwari, wanda ke kankaro sabulu mai tauri da sauri. Damin gashin Omega 10049 ya kai faɗin wajen milimita 27, tsayin gashin wajen 65, wato ya yi wa gyaran saje girma amma daidai yake da askin kai.

Na baja hawa-hawa ne: pure, best, super, silvertip, daga ƙasa zuwa sama. Sunayen nan ba wata hukuma ce ta tsara su ba, kowane kamfani da ma'auninsa, har best na wani kan fi super na wani. Pure shi ne tarkon. Sau da yawa ana datse bakinsa da almakashi don a fitar da siffa, sai ya riƙa suka kamar ƙaiƙayi, kuma tsufa ba ya gyara shi yadda yake gyara na alade. Wanda ya biya kuɗin pure don kawai a ce na baja gare shi, ya sayi abin da bai kai na roba ba. Silvertip na gaske kam wani abu ne daban. Da hannu ake jera shi, ba a taɓa bakin gashin, idan ya sha ruwa ya buɗe kamar furen auduga, ya zauna a kunci da taushi da nauyi. Wannan daɗin gaskiya ne, ba talla ba.

Sai dai a duba abin da ake yabonsa a kai: riƙe ruwa da riƙe ɗumi. An ƙera shi ne don mutumin da ya tashi cikin sanyin Landan yana son kumfa mai ɗumi a fuska. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, ruwan tanki da kansa ya ɗumama tun hantsi, kumfa mai ɗumi ba abin nema ba ce. Asubahin Disamba da Janairu kaɗai ne wannan fa'ida ke da ma'ana. Sannan dami mai cunkoso irin na Chubby mai rowa ne, yana ɓoye kumfa a cikinsa, sai ka ɗebi sabulu kusan ninki biyu kafin ya saki abin da zai isa shafa kumfa karo na biyu. Idan ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai zartsi ne, wanda sabulun wanka ma da ƙyar yake kumfa a ciki, lamarin ya ƙara tsananta: ma'adinan ruwan na haɗuwa da sabulu su zama wani farin dauɗa da ke manne wa gindin gashi. Ruwan leda ɗaya a kofi yana magance wannan, kuma ya ishi aski guda har da ragi.

Na roba shi ne ya sauya lissafin. Na da can, farin nailan mai tsini kamar burushin wanke takalmi, shi ya ɓata wa irin suna. Na yanzu bakin zarensa siriri ne, laushinsa na gogayya da silvertip tun ranar farko. Yaqi na Chaina na sayar da su a farashin da bai yi nisa da na Omega ba, Simpson da kansa yana da jerin Trafalgar, Mühle na Jamus na da Silvertip Fibre mai ɗan tsada. Ba a jiƙa shi, ba ya wari, sabulu kaɗan ya ishe shi. Aibinsa biyu. Zaren ba ya shan ruwa, ruwan a tsakaninsa yake maƙalewa, don haka in ka danna shi da yawa sai ruwa ya kwararo ta mariƙi har gwiwar hannu. Wasu kuma suna da tsalle kamar sifirin, suna fesa kumfa a madubi. Maganin duka biyun shi ne a yarfe shi sau biyu kafin a taɓa sabulu, a riƙa ƙara ruwa da kaɗan-kaɗan.

Ga yadda ake haɗa kumfar, ko da wane iri ne. Jiƙa fuska ko kai da kyau, bayan wanka ya fi. Juya bakin burushi a kan sabulu daƙiƙa 20 zuwa 30, har gashin ya ɗauki wani abu kamar man shafawa. Ka kai fuska kana juyawa a hankali, kashi ɗaya cikin uku na gashin kawai zai buɗe, ba a danna shi har gindi. Tsoma bakinsa a ruwa, ka ci gaba, sau uku ko huɗu cikin minti ɗaya. Kumfar da ta yi tana sheƙi kamar kindirmo, babu manyan ƙwayoyi. In ta yi fururu kamar ta omo, ruwa ya yi yawa ko sabulu ya yi kaɗan. A hunturu za ka ga ka shafa ɓangaren dama, kafin ka gama hagu daman ya bushe ya fara zubar da gari kamar alli, reza na ƙara tana jan gashi. Sai a yi ɓangare-ɓangare, a kashe fanka, a bar kumfar da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda aka saba. Na doki shafawa yake so kamar fenti, juyawa da ƙarfi na sa tsakiyarsa ta cukurkuɗe.

Abin da ke kashe burushi bai san farashi ba. Tafasasshen ruwa na sassauta gam ɗin da ke riƙe damin, yana kuma nannaɗe bakin gashi, ruwan da hannu ke iya jurewa ya isa. Dannawa na karya gashin tsakiya har rami ya fito. Mariƙin katako na tsagewa in ana jiƙa shi kullum iskar hunturu na busar da shi, don haka mariƙin roba ko na resin (wani irin roba mai tauri) ya fi zama lafiya a nan. Bushewa ba matsala ba ce a rani, amma a Agusta damin baja mai kauri kan kwana da danshi a gindi, in aka kulle shi a jaka sai wari da fumfuna. Bayan kowane aski a ɗauraye har ruwan ya fito garau, a matse a hankali ba tare da murɗawa ba, a goge a tawul, a ajiye inda iska ke ratsawa. Duk wata ɗaya ko biyu a wanke da sabulun wanke kwanoni, sannan a jiƙa minti goma a farin binega kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara don narkar da dauɗar.

Burushin da ba shi da suna, wanda ake haɗawa da reza a leda ɗaya a teburin 'yan koli, gwada shi kafin ka biya. Ja gashin da yatsu biyu, ka murza damin cikin mariƙi. In gashi ya biyo hannu ko damin ya motsa, gam ɗin ba shi da kirki, za ka riƙa tsintar gashi a kumatu kullum. Gashi biyu ko uku a makon farko ba laifi ba ne ko a mai tsada, amma wanda ya wuce wata yana zuba ba zai daina ba.

Mai shago da ke aske mutane da yawa, na roba ne nasa ba tantama, domin yana jure maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ke cinye gashin dabba, kuma burushi ɗaya daga kai zuwa kai hanya ce ta yaɗa makero. Ya ajiye biyu ko uku yana musanyawa. Mai aski a gida ya nemi na roba mai faɗin dami milimita 24 don fuska, 26 ko 28 in har da kai. Silvertip na mai hali ne da ke son daɗinsa kuma zai iya kula da shi, amma fitar aski sumul daga kaifin reza da kyawun kumfa take zuwa, don haka ragowar kuɗin gara a zuba shi a sabulun aski mai kyau da sabuwar reza duk bayan aski uku zuwa biyar.