Tashar ruwan haɗaka a Gadarif: ruwan ya yi, layin ne da gyara

Tun da yaƙin Tigray ya ɓarke a Nuwamba 2020, aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba, sannan Tunaidba a farkon 2021, ƙauyukan jihar Gadarif ta Sudan suka ƙara yawan baki da harsuna. Hausawa manoman dawa da riɗi, Larabawa makiyaya da 'yan gudun hijirar Habasha sun koma shan rijiya ɗaya. Yaƙin Afrilu 2023 kuma ya kwararo da mutanen Khartum. Tashar da muke dubawa irin wadda ake kira donki ce a nan: burtsatse, inji mai aiki da hasken rana, tanki a sama, famfuna a jere.

Ruwan kam ba laifi. Ana sa kulorin daidai, babu wari. Raunin tashar ɗaya: da hadari ko ƙura ta rufe faifan sola, tanki ba ya cika, ga janareto babu mai.

Layi ne abin dubawa. Famfo mai zubar da lita 7.5 a minti yana cika jarka mai lita 20 cikin ƙasa da minti 3. Gangar mai karo, wato amalanken jaki, lita 200, tana cin kusan minti 27. To, yarinya mai jarka biyu ta tsaya bayan jakuna uku, ta yi asarar fiye da awa guda. Masu karon galibi 'yan gari ne, masu jarka baƙi, sai rikicin ganga da jarka ya rikiɗe ya zama na ƙabila. Mutanenmu da suka ga rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Bulu Nayil a Yulin 2022 ba sa ɗaukar irin wannan cacar baki da wasa.

Kwamitin da ke kula da tashar ya raba layi biyu, na 'yan gari da na baƙi, kuma nan ya yi kuskure. Rabon da ya dace na mazubi ne: karo da bututunsa daban, dabbobi da kwaminsu can nesa, jarka kowa da kowa. Sai batun kuɗi. Ɗan gari na biya, baƙo na ɗiba kyauta, kuma ba wanda ya bayyana wa jama'a mai biyan kason baƙin. A rubuta shi a allo da Larabci, Tigirinya da Hausa.

Mai jarka ya zo da hantsi, lokacin da tanki ya fara cika kuma masu karo sun tafi zagayen farko.